Jakar Soja ta Gwanjo da Kwana Huɗu a Daji

Takardar da aka turo mana kafin horon tsira a daji ta jero abin da kowa zai zo da shi: wuƙa, igiya, tamfol, bargo, kamfas, usur, gorar ruwa, tukunya ƙarama, sai jakar goyo wadda za ta ɗauki kayan kwana huɗu. Sauran duk na haɗa su cikin mako guda. Jakar ce ta tsaya mini a wuya, don kuɗin sabuwar jakar masu hawan duwatsu ya kusa kamo kuɗin horon kansa. Shi ya sa na karkata ga rarar kayan soja, irin waɗanda rundunoni ke fitarwa gwanjo idan sun sauya samfuri.

Ranar da na je saye, idona ya rufe da girma. Na ɗauko wadda ta fi kowacce ciki, babbar jakar sojan Amurka da ake kira ALICE, koriya, da firam ɗinta na alminiyam, wato sandunan da ke tallafe ta a bayan mai goyo. Tun 1973 rundunar ƙasa ta Amurka ta karɓi wannan tsari, bayan abin da ta gani a yaƙin Biyetnam, aka kuma yi ta ɗinka su shekara da shekaru, shi ne dalilin arharsu. Ba ta da zif ko ɗaya, igiyar zuge baki ce da madaurai kawai, ga manyan aljihu uku a waje da ƙanana uku a samansu. Na goya ta babu komai ciki, na yi taku biyar, na ce ta yi. Da na buɗe ta na ji wani tsami-tsami kamar na aman jariri, na ce ai warin ajiya ne, iska za ta ɗauke shi.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Babbar jaka ba ta son zama da yunwa, duk inda ka ga fili sai ka cusa wani abu. Na saka rigar sanyi biyu, takalmi na canji, gatari, tocila biyu, ruwa lita huɗu. Da aka ɗora ta a sikeli safiyar tashinmu, ta kai kilo 22, ni kuwa nauyina 68. Masu tafiyar daji suna da ƙiyasin da suke bi, cewa kada kayanka su wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinka, wato ni bai kamata in haura kilo 14 ba. Ita jakar ma, babu komai ciki, ta haura kilo 3. Malamin horon ya dubi sikelin, ya dube ni, ya ce, "Malam, ƙaura za ka yi?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Kafin azahar dariya ta ƙare. Madauran kafaɗar sun tsufa, soson cikinsu ya mutu, sun koma kamar igiya. Bayan awa uku yatsun hannuna na hagu suka fara mutuwa, ina jin su kamar ba nawa ba. Ashe sanannen abu ne a wajen sojoji: madauri yana danne jijiyoyin da suka ratso daga wuya zuwa hannu, in aka daɗe a haka har hannun ya yi rauni na makonni. Ga firam ɗin yana ƙara a kowane taku, ƙiƙ-ƙiƙ, saboda ƙusoshin da suka haɗa bututun sun yi sako-sako.

Da muka yada zango malamin ya sa na sunkuyar da kai, ya laluba ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya, ya auna da igiya daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Wannan tsawon, in ji shi, da shi ake sayen jaka, ba da tsayin mutum ba, ba kuma da yawan lita ba. Jakar kirki ƙugu ne ke ɗaukar mafi yawan nauyinta, kafaɗa riƙe ta kawai take yi don kada ta faɗi baya. Sannan ya nuna mini abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Firam ɗin ALICE girmansa ɗaya ne ga kowa, dogo da gajere, kuma an yi shi ne don ya zauna sama da ɗamarar da soja ke rataye harsashi da gorar ruwa. Ni ba ni da wannan ɗamara, don haka matashin bayan ya tsaya mini a kan ƙoda, bai sauko ƙugu ba. Duk kilo 22 ɗin nan a kafaɗa na yini da su.

A nan ne fahimtata ta juya. Runduna ba ta sayen jaka don jin daɗin wani. Tana so ne a jefo ta daga bayan mota, a ja ta a kan dutse, ta shekara goma, ta kuma shiga bayan dubban samari masu ƙarfi waɗanda ba a tambaye su ra'ayinsu ba. Ƙarko kam akwai shi, har ya yi yawa. Amma dacewa da bayanka, wannan kai za ka nemo wa kanka.

Ba ni kaɗai jiki ya gaya wa ba. Wani gajeren mutum a cikinmu ya zo da babbar jakar sojan Birtaniya ta tsarin PLCE, wadda cikinta ke ɗaukar kusan lita 100, ban da aljihun gefe biyu masu lita 10 kowanne da ake zugewa a cire. Jaka ce mai kyau ƙwarai, yadinta Cordura mai kauri, amma iri biyu ake yin ta, mai dogon baya da mai gajeren baya, shi kuwa ya sayi doguwar. Duk lokacin da ya ɗaga kai don duba hanya sai murfin ya tokare masa ƙeya. Wanda ya fi mu shan iska wani dattijo ne mai LK35 ta sojan Suwidin, 'yar lita 35 da firam na ƙarfe a waje. Ya ɗaure bargo da tamfol a jikin firam ɗin, sauran kaya a ciki, shi ke nan. Rana ta uku da aka ce a ɗebo itace, ya zare buhun ya ɗaura itacen a kan firam kai tsaye, mu muna rungumo namu a ƙirji.

Akwai kuma wanda ya zo da jabu. A ido ta fi ta kowa kyau, sabuwa fil, cike da layin madauran da ake maƙala aljihu a jikinsu, irin na MOLLE, tsarin da Amurka ta fito da shi a 1997 don maye gurbin ALICE. Rana ta biyu madaurin kafaɗarsa ya tsinke daga tushe yana tsallake rafi. Da muka duba, ɗinki ɗaya ne siriri ya riƙe shi, babu irin cunkusasshen ɗinkin nan da ake maimaitawa a wuraren da ke shan ja. A ta gaskiya, faɗin kowane madauri inci 1 ne, tsakaninsa da na ƙasa inci 1, ana kuma dashe shi duk bayan inci 1 da rabi, don aljihun kowane kamfani ya shiga. Tasa kuwa, ramukan ba su ma daidaita ba. Malamin ya nuna mana tambarin da ke cikin murfin tawa: lamba mai alƙaluma 13 ta kayan NATO. Huɗun farko na nuna nau'in kaya, jakunkuna kan fara da 8465, biyun da ke biye kuma ƙasa ce, 00 ko 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus. Masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka lambar ba ta isa shaida ita kaɗai, sai an haɗa da duba ɗinki.

Tawa dai ta gaskiya ce, amma daren rana ta biyu aka yi ruwa, tsamin nan da na raina ya bayyana kansa. Ana shafe cikin yadin da wani siririn roba don hana ruwa shiga, kuma idan ya tsufa damshin iska kan ruɓar da shi, ya yi danƙo, ya yi wari, ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji. Bargona ya jiƙe sharkaf. Na kwana zaune a bakin wuta ina juya shi, ina kallon masu leda a cikin jaka suna minshari. A horon tsira wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, don jiƙaƙƙen kaya da iska sun isa su sauke zafin jikin mutum ko da sanyin bai yi tsanani ba.

Da na dawo ban yar da ita ba, ko da yake na yi niyya. Firam ɗin na sa aka sake masa ƙusoshi. Na samo madauran kafaɗa da ɗamarar ƙugu na MOLLE II, su ma gwanjo, masu faɗi da kauri, na ɗaura su a kan firam ɗin ALICE. Dabara ce da masu tafiyar daji suka daɗe suna yi, kuma da ɗan haƙuri tana shiga. Babban buhun na musanya shi da matsakaici, wanda ko na so in cika shi da shirgi ba zai yarda ba. Wannan karon na juya cikinsa waje tun a wurin saye, na shinshina, na murza yadin da yatsa, na ɗaga shi ga haske in ga ko akwai huda ko fumfuna a ƙasa, na ja kowane madauri da ƙarfina, na buɗe na rufe kowane maƙulli. Na kuma roƙi mai kayan ya bari in zuba mata nauyi in zagaya na minti goma sha biyar. Ya yi ta kallona kamar mai taɓin hankali, amma ya bari.

Launi ma na canza tunani a kansa. Na zaɓi koriya zalla, na guji mai dabbare-dabbaren kakin soja, don akwai ƙasashe da dama a Afirka da yankin Karibiyan, irin su Barbados da Jamaika, da doka ta hana farar hula saka shi. Ban da haka, jakar soja an yi ta ne don kada a gan ka, wanda ya ɓace a daji kuwa so yake a gan shi. Na sayi murfin ruwan sama mai launin lemu mai ɗaukar ido, yana zaune a aljihun waje tare da usur.

A horo na biyu sikeli ya nuna kilo 13 da rabi, har da ruwa lita uku. Bargo da kayan canji suna cikin leda mai kauri, bakinta a murɗe a ɗaure. Basilla da zaren nailan suna cikin ƙaramin gwangwani, don madaurin gwanjo ba ya sallama kafin ya tsinke. An yi ruwa a dare na uku, fiye da na wancan karon. Da asuba na zaro bargona a bushe, na miƙa wa wani sabon zuwa da ke ta rawar ɗari a gefen wuta, kusa da wata ƙatuwar jaka mai tsami.