Gorar da ke ƙirga kurɓi: yadda take aiki da inda take kuskure

Kamfanoni masu tasowa da suka shiga harkar shan ruwa ba sa ɓata lokaci wajen gaya wa mutane cewa ruwa na da amfani, kowa ya sani. Abin da suke fama da shi mantuwa ce: aiki ya ɗauke hankali, yamma ta yi mutum bai sha abin kirki ba. Don haka kayansu, manhajar waya ce ko gora mai na'ura, abu uku suke yi: su yanke maka adadin da za ka sha, su ƙirga wanda ka sha, su tuna maka idan ka yi baya. Kowanne kuma yana da inda yake ɗingishi.

Adadin shi ne farkon rikici. Da ka buɗe manhajar za ta tambayi nauyinka, shekarunka, jinsinka da yawan motsa jikinka. Lissafin da aka fi yi shi ne mililita 30 zuwa 35 ga kowane kilo, wato mai kilo 70 zai samu tsakanin lita 2.1 da 2.45 a yini. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ba da lita 2 ga mata da 2.5 ga maza a 2010, yayin da alƙaluman Amurka na 2004 suka ce 2.7 da 3.7. Sai dai waɗannan alƙaluma sun haɗa da ruwan da ke cikin abinci, wanda yakan kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Manhajar da ta kwafi 3.7 ta ce ka sha shi duka daga gora ta ɗora maka abin da ba a ce ba. Haka wadda ta ƙi lissafa shayi, madara ko gahawa, alhali duk suna shiga lissafin ruwan jiki.

Wajen ƙirga, hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya danna da kansa duk lokacin da ya sha, kamar yadda ake yi a manhajar WaterMinder. Matsalarta a fili take: wanda ya manta shan ruwa zai manta dannawa. Shi ya sa aka ƙera gora irin HidrateSpark, mai ɗan faifai a gindinta da ke ɗauke da sikeli, batir, fitila da Bluetooth. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, saboda haka idan nauyin gorar ya ragu da giram 180, na'urar ta rubuta ka sha mililita 180, ta aika wa wayar.

A nan ne yawancin ƙorafin masu saye yake. Sikelin ba ya karatu sai an ajiye gorar a tsaye, a shimfiɗaɗɗen wuri, ta natsu na ƴan daƙiƙu. Gorar da ta wuni a kwance cikin jaka ba ta auna komai ba. Idan ka shanye rabi sannan ka cika ta kafin ka ajiye, wannan rabin ya ɓace, domin na'urar ta ga cikakkiya a da, ta ga cikakkiya yanzu. Idan ka zubar da ragowar ruwan jiya, za ta iya rubuta maka shi a matsayin wanda ka sha. Gyaran ba wuya: ajiye ta bayan ka sha, ajiye ta kuma bayan ka cika. A ranar farko a saita ta sau biyu, babu komai a ciki sannan a cike, kuma a maimaita idan aka canza murfi ko lissafin ya fara kaucewa. A cire faifan kafin wanki.

Tunatarwa kuwa, mafi muninta ita ce ƙararrawar da ke kaɗawa duk bayan awa ɗaya, ka sha ko ba ka sha ba. Ba a daɗewa hannu ya saba share ta ba tare da ido ya karanta ba. Tsari mai kyau yana raba adadin ne a kan awannin farke. Lita 2 a awa 14 ya kama kusan mililita 140 a kowace awa, kuma gorar ba za ta yi haske ba sai ka faɗo ƙasa da wannan layi. Ya kamata ta yi shiru kamar awa biyu kafin barci, in ba haka ba ta gyara shan ruwa ta ɓata barci da tashin fitsari.

Sauran dabarun na jan hankali ne: jerin kwanakin da ba ka fasa ba, gasa da abokai, ko shukar cikin manhajar Plant Nanny da ke girma idan ka sha, ta yi yaushi idan ka yi sakaci. Jerin kwanakin nan ina da ja a kansa. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana guda bai rushe ginin ba. Manhajar da ke mayar da mutum sifili don ya fasa sau ɗaya tana karya masa gwiwa ne kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi kama jiki shi ne ɗaura shan ruwan a kan abin da dama kana yi kullum, dabarar da BJ Fogg na jami'ar Stanford ya yi fice da ita: kofi ɗaya bayan goge baki, ɗaya tare da kowane abinci, ɗaya da ka zauna bakin aiki. 

Duk da haka, gora ta san abin da ya fita daga cikinta ne kawai, ba ta san abin da ya fita daga jikinka ba. Akwai ɗan manne na auna gumi da ake liƙawa a hannu, irin wanda Gatorade ta fitar tare da kamfanin Epicore, amma sikelin gida ma ya isa: auna kanka kafin motsa jiki da bayansa, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce, a mayar da lita 1.25 zuwa 1.5 a hankali cikin ƴan awanni. Launin fitsari shi ma ma'auni ne. Ruwan ɗorawa mai haske ya nuna lafiya lau, mai duhu ya nuna ƙaranci, sai dai bitamin B2 kan rina shi ya ruɗa mai dubawa.

Gasa tana da haɗarinta. Ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce kusan lita ɗaya a awa, kuma wanda ya ɗirki lita biyu ko uku a zama ɗaya don ya cike gurbin yini na iya tsinka sodiyam (sinadarin gishiri) ɗin jininsa ya sauka ƙasa da 135 a gwajin jini, ya fara ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa. Masu ciwon ƙoda, masu raunin zuciya da masu shan maganin sa fitsari sau da yawa likita ya riga ya iyakance musu ruwa. Irin waɗannan su shiga saitin manhajar su goge adadin da ta yanke, su rubuta na likita, su kuma kashe tsarin da ke ƙara adadin da kansa a ranar zafi ko bayan motsa jiki.