Askival, dutsen da ake zaton ba kowa a kansa

Tsibirin Rum yana yammacin Sikotland, mazaunansa kimanin 40 ne, kusan dukkansu a ƙauye ɗaya mai suna Kinloch. Jirgin ruwan da ke tasowa daga garin Mallaig na gaɓar Sikotland ba kullum yake zuwa ba, baƙo kuma ba a barinsa ya shigo da mota haka kawai. Abin da ya kai ni shi ne Askival, dutse mafi tsawo a tsibirin, mita 812. A takarda ba wani tsawo ba ne. Sai dai daga bakin teku ake fara hawa, ba mitar da za a yafe maka.

Ni kaɗai na tafi, da gangan. Ina son tafiyar da ba sai na ce wa kowa "mu ɗan huta" ba. Amma kafin in fita na gaya wa mai masaukina hanyar da zan bi da lokacin da ya kamata a gan ni, domin waya ba abin dogaro ba ce a can sama. Ta dube ni, ta dubi takalmina, ta ce idan hazo ya sauko in juyo.

Farkon hanyar laka ce zalla. Ana bin gefen rafi zuwa wani kwari da ake kira Coire Dubh, ƙasa tana shan ƙafa har idon sawu, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke taruwa a fuska da zarar iska ta tsaya. Ban ji daɗin wannan ɓangaren ba ko kaɗan, ba kuma zan yi masa ado ba.

Daga nan sai dutse ya karɓe ka. Tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce, jikinsa kaushi ne, yana riƙe takalmi ko da ya jiƙe. Ana fara hawa Hallival, mita 723, kafin a bi doron da ya haɗa shi da Askival. A nan na ga abin da ya tsayar da ni. Can sama, inda ya kamata a ce tsandauri ne, sai ga ciyawa kore shar, gajeriya, ƙasan kuma duk ramuka ne kamar na gafiya. Na durƙusa a bakin ɗaya. Ga farin kashin tsuntsu, ga 'yar gashi baƙa ta maƙale a ciyawa, ga wari mai ƙarni yana fitowa.

Gidajen wani tsuntsun teku ne, Manx shearwater. Dubun-dubatarsu ke haƙa rami a waɗannan duwatsu, har Rum na cikin manyan matattararsu a duniya. Ƙwai ɗaya tak mace ke yi a shekara. Da rana ko dai suna teku suna kamun kifi, ko suna kwance cikin ramin, sai dare ya yi duhu sosai suke saukowa, saboda a ƙasa ba su iya gudu, manyan tsuntsaye na cinye su. Kashinsu ne takin da ya raya ciyawar. Idan sanyi ya gabato kuma su ƙetare teku har gaɓar Kudancin Amurka. Tun da na gane haka na koma taka dutse kawai, don rufin ramin ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Kusa da ƙololuwar Askival akwai wani tsinin dutse da ya tare hanya. Masu gwaninta na haye shi, ni na kewaye ta gabas, ina kama dutse da hannu. Wanda ke tafe shi kaɗai ba ya gwada jarumta a irin wannan wuri. A sama iska ta kusa ture ni, amma sarari ya buɗe: ga tsibirin Eigg, ga duwatsun tsibirin Skye, ga jajayen barewa can ƙasa cikin kwari.

Wani abu ɗaya yana damuna da yadda ake tallata Rum a matsayin wurin da ɗan Adam bai taɓa ba. Ba haka ba ne. A 1826 aka kwashe mutane kusan 300 daga tsibirin aka tura su Nova Scotia a Kanada, don a zuba tumaki a madadinsu. Kufan gidajensu na nan. Daga baya wani attajiri, George Bullough, ya gina ƙaton gida na jan dutse a Kinloch, aka gama a 1900, don hutu da farauta. Sai a 1957 tsibirin ya zama gandun da hukuma ke karewa. Hatta gaggafar teku mai farar wutsiya da ake gani yanzu, daga Norwe aka fara kawo ta a 1975 bayan ta ƙare a ƙasar.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, lakar kuma tana nan tana jira. Wanda ke son jin kukan tsuntsayen da dare sai ya zo tsakanin Mayu da Agusta, ya kwana a sama, ya kuma taho da ragar rufe fuska, domin a lokacin ne ƙwarin nan ma suke ganiyarsu.