Ruwan Legas ba Kwara ba ne

Ranar Asabar na tarar da wani yaro ɗan unguwarmu a bakin wani rafi bayan Tarkwa Bay a Legas, da sabuwar sandar fatsa mai naɗe zare, da akwati cike da kifayen roba. Ya naɗe wando zai shiga taɓo, ruwa kuwa ya janye sarai. Na ce, "Ɗana, ka san ƙarfe nawa zai dawo?" Ya ce, "Baba, wa zai dawo?" Sai gabana ya faɗi.

Ni a Yauri na tashi, bakin kogin Kwara, gidan masunta. Tun ina ƙarami na san tsage, na san giwan ruwa da inda take laɓewa. Da na zo Legas sai na ɗauka kamun kifi duk ɗaya ne. Kwara kuwa gaba kawai ta sani, cikarta da raguwarta sai an yi watanni. Ruwan Legas da teku yake haɗe. Sau biyu yake cikowa a kwana guda, sau biyu yake janyewa, wajen awa 6 kowanne, kuma kullum sai ya ƙara jinkirin kusan minti 50. Ba wanda ya gaya mini. To, a gaskiya an gaya mini. Wani dattijo cikin mutanen Egun, masuntan bakin ruwan Legas, ya nuna mini shaidar ruwa a jikin turakun gidansa, ni kuma na ji kamar raini. Jikan Sarkawa ne za a koya wa ruwa?

Shekara uku ina zuba kuɗi a kifin roba da cokali mai ƙyalli, ina jifa da tsakar rana cikin ruwa kwantacce. Kifi mai farauta ba ya wahalar da kansa a lokacin. Bakin ƙananan rafuka yake tsarewa sa'ad da ruwa ke janyewa yana koro masa ƙananan kifi da jatan lande. Barakuda, wani kifin teku mai kaifin haƙora, ta datse mini zare ban san adadi ba, don na ƙi ɗaura waya gaban ƙugiya, wai kifi zai gan ta. Har yau ina nan a kan bakana cewa cikin ruwa garau waya tana rage cizo. Amma kuɗin cefanen gidana ne ke tafiya a bakin kifi, uwargida tana gani tana yin shiru.

Sai ranar 14 ga wata. Ban san cewa a tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi ja da baya, ya fi dawowa da ƙarfi ba. Na bi taɓo na yi nisa, na nutse har cinya. Ta wani kwari a bayana ruwan ya zagayo, ban gani ba. Ya kawo mini ƙirji ina salati kafin wata mata mai kwale-kwale ta jawo ni. Jariri na bari a gida, kwanansa 20.

Na yi niyyar jera muku shawara goma, amma wa zai karanta? Ku da ba kwa iya minti biyar ba ku duba waya ba! Ka je ka zauna a bakin ruwan yini guda ba tare da sanda ba, ka ga shigarsa da fitarsa. Kada ka sayi kaya masu tsada, kifin roba biyu sun isa. Amma zare da waya ka sayi na kirki ko nawa ne. Kada ka shiga taɓo kai kaɗai, ko da yake duk manyan kifayen da na kama ni kaɗai nake. Idan ɗan gari ya yi magana, ka rufe bakinka.

Yaron nan ya ce ya gani a YouTube, ya shiga abinsa. Na fasa inda za ni, na zauna a kan wani tsohon kwale-kwale ina kallon turaku, har ruwa ya taɓa na farko na fara ƙwala masa kira.