Faya-fayaina sun koma waya

Tun da kwamfutoci suka daina zuwa da ramin saka faifai, waƙoƙin da na tara shekara da shekaru suka zama kayan ado a kan kanta. Na biya kuɗinsu, amma ba ni da abin jinsu a hanya. Manhajojin sauraron waƙa ta intanet kuwa haya ce: yau waƙa tana nan, gobe yarjejeniya ta ƙare, ka neme ta ka rasa. Wasu faya-fayan nawa ma ba su taɓa hawa can ba. Shi ya sa na sayi 'yar na'urar karanta faifai mai jonuwa ta USB, na duƙufa juye su.

Shawarata ga mai son yin wannan aiki ita ce ya yi shi sau ɗaya, ya yi na ƙwarai. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma minti ɗaya na waƙa yana cin kusan megabait 10. MP3, da aka ƙera akasarinsa a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, yana rage wannan nauyi ne ta hanyar zubar da sautukan da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. Abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan. FLAC kuwa, wani tsarin fayil ɗin sauti da ya fito a 2001, yana matse fayil ya koma kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba. Masu kayan Apple suna da irinsa, ALAC.

Ba zan yi muku ƙarya ba, in aka kunna mini MP3 mai kyau da FLAC a jere, kunnena ba ya bambancewa. Dalilina na zaɓar FLAC daban ne. Daga FLAC zan iya fitar da ƙaramin fayil na waya, ko na mota, ko na duk wani tsari da zai zo nan gaba. Amma fitar da MP3 daga MP3 kamar ɗaukar hoton hoto ne, kullum ƙara dusashewa yake. Don haka na asali yana FLAC a ajiye, na yawo yana MP3.

Inda aikin yake da ɗan wayo shi ne karantawar. Na'urar kunna faifai in ta ci karo da karce, cike gurbin take yi da kintace ta wuce, kai kuma ba ka sani ba. A wajen sauraro ba laifi, amma a kwafin da za ka riƙe har abada ba ka son haka. Exact Audio Copy, manhaja ce ta kyauta a Windows, tana maimaita karanta wurin da take shakka har sai ta gamsu. A Mac akwai XLD. Dukansu suna tuntuɓar AccurateRip, rumbun da ke gwada sakamakonka da na sauran mutanen da suka juye faifai iri ɗaya. In ya yi daidai, hankalinka ya kwanta. Faifai mai datti a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. A kuma kula da fuskar da ke da rubutu, don bayanan sun fi kusa da ita, karce a nan ya fi ɓarna. Ni da faya-fayan da aka buga a kwamfuta na fara, irin CD-R, domin rinin da ke riƙe bayanansu yakan lalace, ba sa daɗewa kamar na masana'anta.

Abin da ya fi cin lokaci sunaye ne. Yawancin faya-fayai ba su ɗauke da sunan waƙa ko na mawaƙi. Manhaja tana gane faifai ne daga yawan waƙoƙinsa da tsawon kowace, sai ta nemo sauran a rumbu irin MusicBrainz. Na fitattun mawaƙa nan take suke fitowa har da hoton bango. Na waɗanda duniya ba ta san su ba, da hannu za ka rubuta. Ka tsaya kan rubutu ɗaya na sunan kowane mawaƙi, in ba haka ba waya ta raba maka mutum ɗaya gida uku.

Akwai 'yar gajeriyar hanya ga wasu: a 2013 Amazon ya fito da AutoRip, wanda ke bai wa mai sayen wasu faya-fayai kwafin MP3 kyauta. Ba kowane faifai ba ne, ba kuma a kowace ƙasa ba.

Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya an halatta kwafi don amfanin kai a 2014, babbar kotu ta soke a 2015. Ni dai ba na raba wa kowa fayilolin, ban kuma sayar da faya-fayan ba bayan na juye, don su ne shaidar cewa na saya. Fayilolin na ajiye su wuri biyu, a kwamfuta da kuma ma'ajiya ta daban da ba ta zama a jone, saboda ma'ajiyar kwamfuta ba ta sallama in za ta mutu.