Yadda na daidaita wayar sitiyarin babur ɗin ruwa a bakin kogin Isa

Ƴan'uwana masu koyon gyaran babur ɗin ruwa, ina yi muku sallama. Wata bakwai na yi ina hawan babur ɗina sitiyarinsa a karkace, sai a wannan Disamba na samu zama na gyara shi. Babur ɗin Yamaha ne ƙirar WaveRunner VX, irin waɗanda aka fara fitarwa a 2005. Na saye shi na hannu, ina kuma ajiye shi a kan tirela a gidan wani yayana da ke unguwar Gamkalle a Yamai saboda kusancin gidan da ruwa. Laifin karkacewar nawa ne ni kaɗai. A watan Mayu, lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ya janye har tudun yashi ya fito ta wajen Gudal, na kutsa inda ruwa bai kai gwiwa ba, alhali littafin babur ɗin ya hana a tuƙa shi a ruwan da zurfinsa bai kai santimita 60 ba. Famfo ya sha yashi da guntun zaren masunta, na kwance bakin feshi domin in wanke, na murɗe mahaɗin waya ban ƙirga ko sau nawa na juya shi ba, sannan na mayar da shi da ka. Tun daga ranar, in ina son tafiya a miƙe sai na ɗan karkatar da sitiyari hagu, kuma juyin dama ya fi na hagu kaifi nesa ba kusa ba.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikinsa ba, wannan babur ba shi da wani filafili a ƙarƙashi da ke juya shi. Farfela ce a cikin famfo take zuƙo ruwa ta ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin ciki, ta feso shi da ƙarfi ta baya, kuma a bakin famfon akwai gajeren bututu mai juyawa hagu da dama, wanda nake kira bakin feshi. Abin da ya haɗa bututun nan da sitiyari waya ce guda ta ƙarfe da ke gudu a cikin kubenta, tana turawa tana jawowa. Kowane ƙarshe nata sanda ce mai haƙora, an murɗa mata mahaɗi wanda ke kama wani ɗan ƙwallon ƙarfe, sannan akwai notin kulle da ke hana mahaɗin motsi. Saboda ruwan da ke fita shi ne ke juya babur, in ka saki totur juyi ya kusa ƙarewa ke nan, ko da yake sababbin ƙira suna da na'urar da ke ɗan ƙara wuta in ka murɗa sitiyari sosai bayan ka saki. Wannan ne ya sa ƴan milimita kaɗan a tsawon waya suke zama babban al'amari a kan ruwa.

Asabar ta farko ban taɓa noti ko ɗaya ba, kuma ina ganin ita ce ranar da ta fi amfani a cikin aikin duka. Na zare igiyar kashe inji, na cire kan batir, domin ba na son hannuna ya kusanci farfela alhali akwai hanyar da inji zai tashi. Na sa ƙanena ya riƙe sitiyari gam, ni kuma na kama bakin feshi ina girgiɗa shi. Manufar ita ce a raba cuta biyu da ke kama da juna, wato waya da tsawonta ya ɓaci da kuma kayan da suka cinye. In bakin feshi yana lilo alhali sitiyari na tsaye, to bushin da bakin feshi ke juyawa a kansa ya cinye, ko mahaɗi ya yi wa ƙwallo yawa, ko kuben waya yana motsi a inda aka ɗaure shi, kuma babu murɗin da zai warkar da wannan sai canji. Nawa ya tsaya daram. Sai dai da na murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe na ji ɗan nauyi a tsakiya, na kuma ga tsaga a robar kube kusa da inda waya ke ratsa jikin babur ta fita baya. Na rubuta wannan a takarda na ajiye, zan dawo kansa.

Ranar Lahadi na yi awo. Hanyar da littafin ya bayar mai sauƙi ce: a murɗa sitiyari hagu har ya tsaya, a auna tazarar da ke tsakanin gefen bakin feshi da jikin famfo, sannan a murɗa dama har ya tsaya a auna ɗaya gefen, kuma bambancin awo biyun kada ya wuce milimita 5. Nawa ya ba da 14. Wahalar duka tana wajen samun wurin da za a ɗora rula, domin jikin famfo ba shimfiɗaɗɗe ba ne, in ka gusa kaɗan sai lissafi ya canza. Awona uku na farko sun ba da amsa uku daban-daban, har na fara zargin rular da na saya a kasuwar Katako, alhali hannuna ne ke yawo. Sai na ɗauki alƙalami mai fenti na ɗiga alama a wuri guda a kowane gefe, daidai da juna, na riƙa ɗora rula a kan alamar, daga nan awo ya daina yi mini gardama. Na kuma tabbatar da tsakiyar sitiyari da tef ɗin awo, daga ƙarshen kowane hannu zuwa ƙarfen ɗaure igiya da ke tsakiya a baya, har sai da ɓangarorin biyu suka yi daidai. Ido ba abin dogaro ba ne a nan, musamman ga wanda ya yi wata bakwai yana ganin karkatacce har ya zame masa daidai.

Asabar ta biyu na buɗe murfin gaba na fara gyara daga ɓangaren sitiyari, inda littafin ya ce a fara. Na sassauta notin kulle, na ja hannun rigar mahaɗi na raba shi da ƙwallo, na murɗa shi ciki sau biyu, na mayar na auna. Bambanci ya tashi daga 14 zuwa 20. Garin neman gira na kusa rasa ido, amma kuskuren ya koya mini abu biyu. Na farko, wayata gajarta ta yi, buɗewa take so. Na biyu kuma, a babur ɗina juyi guda yana ƙara ko rage kusan milimita 3 a bambancin, duk da cewa sandar kanta milimita 1 kawai take gusawa. Dalili shi ne abin da gefe guda ya samu ɗaya gefen ne ya rasa, don haka bambanci yana ninkuwa, ga kuma tsawon bututu da ke ƙara faɗaɗa motsin. Da na gane haka sai aikin ya koma lissafi: na mayar da juyi biyun, na buɗe huɗu, awo ya ba da milimita 2.

Da na tsaya nan da na yi ɓarna ina murna. Wani dattijo makanikin injinan jiragen ruwa da ke aiki kusa da gidan yayana ya leƙo, ya dubi haƙoran da suka fito waje, ya ce, "Ɗana, nawa ka bari a ciki?" Na ce, "Baba, ban auna ba." Ya ce in kwance in gani. Na kwance mahaɗin gaba ɗaya ina ƙirga juyi, sai na tarar da milimita 6 kacal ke riƙe, alhali littafin ya gargaɗi cewa a murɗa shi ciki fiye da milimita 8. Mahaɗin da ke rataye a kan haƙora kaɗan yana iya fizgewa a tsakiyar juyi mai ƙarfi, kuma daga nan sitiyari ya zama ado, babur ya nufi inda ya ga dama. Dattijon ya tambaye ni wane ƙarshe na taɓa a watan Mayu, na ce na baya, ya yi dariya ya ce ai inda aka yi tuntuɓe ake dubawa kafin inda aka faɗi. Gaskiya ya faɗa, domin da na kwance na baya na tarar na cusa shi har milimita 14. Sai na raba gyaran: juyi ɗaya a gaba, inda milimita 9 suka saura a ciki, juyi uku a baya, inda 11 suka saura. Awo ya sake ba da 2.

Wajen ɗaure notin kulle akwai tarko ƙarami. In ka ɗaure shi da sifana guda, mahaɗi yana bin noti ya karkace a kan ƙwallo, sai ya riƙa cijewa a ƙarshen juyi. Na riƙe mahaɗi da sifana ɗaya na ɗaure da ɗaya, na shafa giris mai jure ruwa a ƙwallayen biyu, na fizgi kowane mahaɗi da hannu don in tabbatar ya kama, sannan na sake awo, saboda ɗaurewa kanta tana iya gusar da abu.

Gwaji a ruwa shi ne inda kogin Yamai yake yaudarar mutum. A Disamba ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini yana isowa, kogi ya cika yana gudu da ƙarfi, ga iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Tun da kogin a nan daga arewa maso yamma yake gangarawa kudu maso gabas, iskar tana ratsa shi ne ta gefe, daga ɓangaren gari zuwa Harobanda da ke ƙetaren kogi. Na sa rigar ruwa, na ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannu, na gangara daga wajen gadar Kennedy zuwa gada ta biyu da matsakaicin gudu, sai na ji babur yana jan dama, gabana ya faɗi na ce aikin mako biyu ya tashi a banza. Da na juyo ina hawa ruwa sai ya koma jan hagu. A nan hankalina ya kwanta, domin in laifin waya ne, hannu ɗaya zai riƙa ja a zuwa da dawowa, amma jan da ke sauya hannu in ka juya na iska ne. Washegari na fito da sassafe kafin iska ta tashi, na yi zuwa da dawowa sau uku, sitiyari a tsakiya, babur a miƙe. Na kuma yi da'ira hagu da dama da wuta iri ɗaya, faɗinsu ya yi kusan daidai a idona, abin da ban gani ba tun Mayu. A irin wannan lokaci masunta suna kan ruwa da komarsu, don haka na yi nesa da su na kuma rage gudu kusa da kwale-kwale, tun da igiyar ruwan da babur ke tayarwa ba wasa ba ce ga jirgin da ke ɗauke da kaya.

Abin da ya rage shi ne tsagar nan ta kube. Ruwa da yashi suna shiga ta nan, kuma nauyin da nake ji a tsakiyar sitiyari alamar tsatsa ce ta fara cin waya daga ciki, abin da giris na waje ba ya kaiwa. Daidaitawar da na yi ba ta taɓa wannan ba ko kaɗan, kuma ra'ayina shi ne wayar da ta fara nauyi canza ta ake yi. Na aika a sayo mini sabuwa ta hanyar Lome, tun da an rufe iyakar Benin a 2023 kuma kaya suna daɗewa a hanya. Kafin ta iso ba na wuce gada ta biyu, ba na ɗaukar kowa a baya, kuma tafiyar ƙauyen Bubon da muka shirya da abokai na ɗage ta. Na riga na rubuta adadin juyin kowane mahaɗi a cikin murfin akwatin kayan aiki, na kuma tanadi doguwar igiya da zan ɗaura wa tsohuwar waya in zan zare ta, domin sabuwar ta bi hanyar da ta bi a cikin jikin babur.