Abin da ɗakin awo ya koya mini a Tahoua

Takardar canjin wurin aiki ta fito, kuma duk wanda ke matanite ɗinmu, wato asibitin haihuwa, ya san dalilinta. Kafin in miƙa makulli, ga saƙo ga ƙannena masu fitowa daga makarantar ungozoma.

Shugabarmu tana da doka: ranar awo mace ba ta wuce minti biyar a kan gado. A auna ciki, a cika karne, wato littafin awonta, ta gaba ta shigo. In ta ji ina yi wa mace bayani sai ta leƙo ta ce, "Madam, nan ba aji ba ne."

Wata yarinya mai cikin fari ta zo daga ƙauye a wata na takwas. Fuskarta ta kumbura, zobe ya nutse a yatsarta. Uwar mijinta ce ke amsa tambaya, ita kuwa kanta a sunkuye. Na auna tansiyo, wato awon hawan jini, na sami 16/11, alhali daga 14/9 ake fara tsoro. Na ce a tura ta babban asibiti a ranar. Shugaba ta ce kumburin wata takwas ne, kowa na yi, motar marasa lafiya ba ta da mai, yarinyar ta dawo Litinin. Na rubuta lambar a karnenta da jan biro. Daren Asabar aka kawo ta a amalanke tana jijjiga, ta ciji harshe. Allurar magneziyam da tiyata suka ceci uwar, ɗan bai zo da rai ba. A taro shugaba ta dube ni ta ce ban sanar da ita ba. Rajista na hannunta, karne kuma ya ɓace a hanya. Har yau ban iya gaishe ta da zuciya ɗaya ba.

Tun 2006 awon ciki kyauta ne a Nijar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau 8 maimakon 4. Amma me amfanin zuwan idan ta fita ba ta san abin da ke jiranta ba?

Ku gaya mata. Wata uku na farko laulayi ne: amai, kasala, yawan fitsari, ƙin warin miya. Yakan lafa da kansa, amma zubar jini, ko aman da ko ruwa ba ya zama, ba abin jira ba ne. Daga wata na huɗu ake fara Fansidar saboda zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye a gabanku. Ƙwayar ƙarin jini tana baƙanta bayan gida, in ba ku faɗa ba za ta zubar da ita. Wajen wata na biyar za ta ji motsi, wadda ta saba haihuwa kan riga jin sa.

Watannin ƙarshe ne aka fi ruɗewa. Ƙwannafi, ciwon baya, ciki ya ɗaure ya saki, ƙafa ta kumbura da yamma ta saɓe da safe, duk na ciki ne. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuciya, ko raguwar motsin ɗa, waɗannan a taho ko tsakar dare ne. Wadda za ta goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da karnenta, ta kuma san likita mafi kusa.

Mai cikin fari, ku ce "Inna, ɗan jira mu a waje," sannan ku tambaye ta ita kaɗai. Duk tansiyon da kuka auna ku shigar da shi rajista da hannunku, da lokaci, da sunan wanda kuka sanar.