Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kuɗin Fabrairu a Cikin Janairu

Makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a ofishin jin daɗin jama'a na wata kawunti a jihar North Carolina ta Amurka. Kawunti dai kusan ƙaramar hukuma ce irin tamu, kuma guda 100 ne a jihar. Aikina duba takardun masu neman tallafin abinci na SNAP, kuɗin da ake zuba wa mutum a kati duk wata ya je kanti ya yi cefane.

Na ɗauka na rabu da abin da na taso ina gani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a gidanmu wata ba ya ƙarewa sai an ce kason Abuja ya sauka. Ashe a nan ma da bazar Washington ake rawa, ko da yake kawunti tana da harajin gidaje da filaye nata na kanta. Kuɗin cikin katin nan duk na tarayya ne. Albashinmu kuwa a lokacin raba daidai ake yi, rabi tarayya, rabi kawunti.

Ran 22 ga Disamba 2018 wani ɓangare na gwamnatin tarayya ya rufe. Shugaba Trump ya kafe sai an ba shi dala biliyan 5.7 na gina katanga a iyakar Meziko, majalisa ta ƙi, kasafi bai fita ba. Ma'aikatan tarayya wajen 800,000 suka zauna ba albashi. Ni har a raina na ce ba ruwan biri da gada, tunda ni ba ma'aikacinsu ba ne.

Ashe da ruwana. Ma'aikatar Noma, wadda SNAP ke hannunta, ta samo wata kafa a tsohuwar dokar kasafi da ta ba ta damar biya cikin kwana 30 bayan ƙarewar dokar. Sai aka ce a fitar da kuɗin Fabrairu kafin 20 ga Janairu. Duk wanda takardarsa ke jiran sabuntawa dole mu gama da ita kafin nan, in ba haka ba babu tabbas. Kwanakin nan sallar isha a gefen teburina nake yinta, a kan kwalin takarda.

Kuɗi ya shiga, waya ta ɗau ruri. Mutane da yawa sun zaci kyauta aka yi musu. Ranar Juma'a bayan an idar, wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta tare ni a bakin masallaci, fuska a sake.

"Ɗana, Allah ya yi albarka, na ga kun ƙara mana."

"Hajiya, ba ƙari ba ne. Na wata mai zuwa ne aka ba ku tun yanzu. A yi ta lallaɓawa, sai Maris kuma."

Ta yi shiru. "To ai na riga na sayo wa jikoki nama."

Ban san ta inda zan fara mata zancen katanga ba. Ita ba ta san wani ɗan majalisa ba, ni ta sani, kuma ni na ci mata tuwo a gidanta.

An buɗe gwamnati ran 25 ga Janairu, bayan kwana 35, 'yan siyasa kowa ya ce shi ya yi nasara. Mu kuwa sai tsakiyar Fabrairu namu ya fara, lokacin da katuna suka bushe. Na buga jerin wuraren da ke raba abinci kyauta, na fassara shi da Hausa da hannuna, na manna a allon masallaci.

A cikin rikicin ne shugabar sashenmu ta kira ni, ta ce kwamishinonin kawunti suna son sanin mako nawa asusun ajiya zai ɗauki albashinmu in rabin tarayya ya tsaya, kuma ni zan taya ta lissafin. Yadda ɗan akawu ya tsinci kansa a gabansu da takarda tana rawa a hannunsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.